Dubu uku da hotunan suna: abin da na kashe kafin in koyi toshe talla a wayata

A goman tsakiya na azumin 2025 abin ya faro. Wayar Baba ƙarama ce mai madannai, ba ta hawa intanet, saboda haka kullum bayan la'asar nakan kunna masa tafsiri a tawa, in ajiye masa a gefen buzunsa a zaure, ni kuma in shiga ciki in ɗan miƙe kafin a kira sallah. Ran nan da na fito sai na tarar ya kifa wayar, karatu na tafiya amma fuskarta na kallon ƙasa. Bai ce mini komai ba sai da muka sha ruwa. Yana ɓare dabino ya ce, "Kai, bashi ake bin ka ne?" Na ce a'a Baba. Ya ce to me ya sa wayarka ba ta da zance sai na rance, ana tsakiyar aya sai wani ya faɗo yana cewa a zo a karɓi kuɗi cikin minti biyar, yana gamawa kuma na 'yan cacar ƙwallo ya biyo baya? Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Gaskiyar magana, sati biyu kafin nan aljihu ya yi sanyi, ga hidimar azumi ga ɗinkin yara, har na zauna wani dare na bincika yadda manhajojin nan na ba da rance suke aiki. Da na ga kuɗin ruwan da ke kai na rufe, ban ko sauke ɗaya ba. Ban gaya wa kowa ba, ko maiɗakina. Ashe wayar ta riƙe, kuma ba ta tashi tona ni ba sai a gaban mahaifina.

Washegari bayan an tashi daga makaranta na hau keke napep zuwa Wunti, wajen masu gyaran waya. Rana ce irin ta watan Maris a Bauchi, ga bakin azumi. Na shiga wani shago na yi wa yaron bayani: ga tallan da ke katse karatu, ga wani da ke faɗowa ya rufe fuskar wayar gaba ɗaya ko da ban buɗe komai ba, ga saƙonni na ta shigowa dare da rana. Bai ma gama saurare ba ya ce, "Yallaɓai, bairos ne, sai an yi mata filashin." Ya ce dubu huɗu, muka daidaita a dubu uku. Ya tambaye ni ko na san imel ɗina da kalmar sirrinsa, na ce suna rubuce a bayan littafin rajista na. Abin da bai tambaya ba, ni ma ban yi tunaninsa ba, shi ne ko na ajiye hotunana a wani wuri. Na zauna a benci kusan awa biyu, janareton maƙwabcinsa na hura mini hayaƙi, mutum uku da suka zo bayana aka sallame su saboda nasu canjin gilashi ne kawai. Da ya gama ya ce ya zuba mini manhajoji kyauta don kada in ƙona data, har da wata mai hoton tsintsiya wadda ya ce tana share datti tana sanyaya batir. Na yi godiya har da ƙara masa ɗari biyu. Sai da na isa gida na buɗe wurin hotuna na tarar wayam. Hotunan sunan autana, da na ɗaurin auren ƙanwata, da takardun sakamakon ɗalibai da na ɗauka don in shigar a kwamfuta, duk sun tafi. Saƙonnin WhatsApp ne kawai suka dawo, su ma na wata uku baya.

Da a ce tallan ya tafi tare da hotunan da na haƙura. Kwana biyu ba a yi ba na rance ya dawo inda yake, wanda ke rufe fuska kuma sai ma ya ƙaru, har ina tsakiyar kira yana faɗowa. Kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba. Ban koma shagon ba, don na san amsar da zan samu ita ce a sake filashin.

Tsayawata ta biyu ofishin kamfanin layina ne, saboda a tunanina duk abin da ya shigo waya ta hannunsu yake biyowa. Na tafi da katin ɗan ƙasa, sanin cewa ofishin layi ba ya rabuwa da maganar NIN, amma ko tambayarsa ba a yi ba. Mai gadi ya ba ni 'yar takarda mai lamba 47, allo na nuna 29. Yawancin mutanen da ke layin masu dawo da layin da ya ɓata ne ko wanda aka rufe. Na yi awa ɗaya da kusan rabi kafin a kira ni, aikin kuma bai kai minti biyar ba. Matar da ke kan teburin ta karɓi wayar, ta rubuta STOP ta aika zuwa 2442, amsa ta shigo cewa an sa layin a tsarin hana saƙonnin talla. Ta ce hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ita ta tilasta wa duk kamfanonin layi samar da wannan lamba tun 2016, kyauta ce, kuma daga ɗakinka za ka iya yi. Idan mutum yana son wasu saƙonnin, kamar na lafiya ko na ilimi, sai ya aika HELP zuwa lambar a jero masa ya zaɓa. Idan kuma an ci gaba da damun sa bayan ya yi, akwai 622, layin kai ƙara na hukumar, shi ma kyauta. Na tambaye ta saƙon banki fa, ta ce wannan ba talla ba ne, kuma lallai nawa bai daina zuwa ba. Ta kuma duba ta tarar akwai wata waƙar kira da ake cire mini kuɗinta duk wata, ta soke. Amma da na nuna mata tallan rancen, sai ta yi murmushi ta ce, "Malam, wannan ba namu ba ne. Mu hanya kawai muke ba ka, abin da ke tafiya a kan hanyar na masu manhaja ne." A nan na fara gane cewa ba ƙofa ɗaya suke shigowa ba.

Wadda ta warware mini sauran ɗiyar yayana ce, tana karatun kwamfuta a jami'ar ATBU. Ranar Asabar ta zo daga Yelwa gaida Baba, na tare ta a tsakar gida na miƙa mata wayar. Da na ba ta labarin filashin ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta ce, "Baffa, ai kamar mutum ne ya sake fentin ɗaki don masu bin sa bashi su manta gidan. Kana shigar da imel ɗinka na da, sun gane ka." Ta ce abin da aka sani game da ni ba a cikin wayar yake zaune ba, yana can a asusuna, kuma duk wayar da na shiga da asusun zai bi ni. Muka shimfiɗa tabarma a inuwar darbejiya, ta ce in riƙe wayar da hannuna in riƙa dannawa da kaina, ita bakinta kawai zai yi aiki, don gobe in iya ba tare da ita ba. Abin da na ɗauka na minti goma ne ya kai mu har kiran la'asar.

Mun fara da abin da ta kira lambar talla. Kowace wayar Android tana da wata doguwar lamba, haruffa gauraye da alƙaluma, wadda manhajoji ke karantawa su gane cewa mutumin da ya buɗe wasan yara da safe shi ne ya buɗe manhajar labarai da dare, ko da ba su san sunansa ba. Wurinta yana cikin saiti, ƙarƙashin Google, inda aka rubuta Ads. A wasu wayoyin an ɓoye shi a ɓangaren sirri, shi ya sa ta ce mafi sauƙi a rubuta ads a gurbin bincike na saman saiti. Zaɓi biyu na gani: ɗaya na sauya lambar da sabuwa, ɗaya na goge ta, an rubuta Delete advertising ID. Har na kai yatsa kan na farko ta ce a'a, sauyawa sabon suna ne kawai, za su fara tara maka wani tarihin daga yau. Gogewar ita ce ke sa duk manhajar da ta nemi lambar ta tarar da sifiri zalla. Ta ce wannan zaɓi da Android 12 ya fara zuwa a 2021, daga baya ya kai ga tsofaffin wayoyi.

Mataki na gaba shi ne ya fi girgiza ni. Ta sa na buɗe myadcenter.google.com, ta ce kafin mu kashe komai in fara duba yadda ake kallona. Ga shi nan a jere: namiji, tsakanin shekara 35 da 44, mai aure, mai 'ya'ya. Ban taɓa cike wata takarda na faɗi cewa ina da 'ya'ya ba, sai dai wa ke kallon zanen yara a wayata duk safiyar Lahadi? A wannan shafin akwai ɓangaren batutuwa masu nauyi da mutum zai iya cewa a rage masa: giya, caca, neman abokan soyayya, ciki da renon yara, da rage ƙiba. Muka rage giya da caca da na soyayya, sannan muka kashe babban maɓallin da ke sama, na tallan da ake ɗinka wa mutum daidai jikinsa. Daga nan ta kai ni myactivity.google.com, ta kau da kai ta ce, "Baffa, nan kai kaɗai za ka duba." Yarinya mai hankali. Na gangara ƙasa sai ga binciken rancen nan, da ranarsa, da ƙarfe ɗaya da minti goma sha biyu na dare. Ga ranar da na nemi maganin ciwon baya, ga ranar da na duba kuɗin mota zuwa Jos. Na goge, na kuma saita shi ya riƙa goge kansa duk wata uku, domin zaɓin da ake bayarwa wata 3 ne ko 18 ko 36. Tarihin YouTube kam na bar shi a kunne da gangan, don shi ke sa in tarar da karatun jiya a gaba ba sai na nema ba. Ba komai ne mutum zai kashe ba, in dai ya san abin da ya bari da dalilinsa.

A nan ne na yi mata tambayar da ta daɗe tana cina, wadda muke ta muhawara a kai a ɗakin malamai: wai waya tana sauraron hira? Ta ce ita ba za ta rantse a kan kowace manhaja ba, amma abin da na gani yanzu da idona ya ishi mai talla, ba sai ya kasa kunne ba. Ta nuna mini inda ake ganin manhajojin da ke da izinin makirfo da na wurin da mutum yake, da ɗan koren ɗigon da ke fitowa a kusurwar sama idan ana amfani da makirfo ko kyamara. Muka tarar wata manhajar tocila tana da izinin ganin lambobin mutanena da inda nake. Tocila! Na cire ta gaba ɗaya, tunda wayar ma da tata ta zo.

Facebook ya fi wahalar bi, saboda abin a warwatse yake. Daga saiti ake shiga Accounts Center, inda ya haɗa Facebook da Instagram. A ciki akwai wurin da ke jero shafuka da manhajojin waje da suka aika wa kamfanin labarin ziyararka, sunansa Your activity off Meta technologies. Na tarar da shagon intanet da na taɓa duba takalmi, da wasu sunaye da ban ma gane su ba. Muka share na baya, muka yanke na gaba. An gargaɗe ni cewa zai iya ɗaukar awa 48, kuma duk inda na shiga da asusun Facebook zai iya fitar da ni, haka kuwa aka yi da wata manhajar sakamakon ƙwallo. Sai kuma Ad preferences, inda ake cewa kada a yi amfani da bayanan da abokan tallansu suka kawo. Ta koya mini wata ɗabi'a da har yau nake yi: duk tallan da ya dame ni, in danna ɗigo ukun da ke gefensa, in karanta dalilin da ya sa aka nuna mini shi, sannan in ɓoye mai tallan baki ɗaya.

Saƙonnin da ke saukowa daga sama kuwa, masu cewa wai na ci kyauta ko wai wayata ta kamu da cuta, laifina ne. A cikin Chrome, saiti, saitin shafuka, sanarwa, muka tarar da shafuka bakwai da na ba izinin aiko mini saƙo, duk a cikin kwana goma da yin filashin. Duk shafin da ya tambaye ni Allow ko Block, na farkon nake dannawa don ya matsa mini in ga abin da na zo gani. Muka toshe su ɗaya bayan ɗaya, muka hana shafuka tambaya ma kwata-kwata, muka tabbatar tagogin da ke buɗe kansu a toshe suke. A ɓangaren sirri muka hana kukis na shafukan waje, wato 'yan alamomin da masu talla ke manna wa burauza don su bi ta daga shafi zuwa shafi, muka kuma kashe maɓallai uku da muka samu ƙarƙashin Ad privacy.

Saura babban ɓarawon, mai rufe fuska. Ta ce mu jira shi. Muka ajiye wayar a kan tabarma muna hira, minti shida sai ga shi, tallan wani wasa. Ta ce kada in rufe, in danna maɓallin da ke nuna manhajojin da aka buɗe kwanan nan. Sai ga hoton tsintsiyar nan a saman tallan. Mai share dattin da aka ba ni kyauta a Wunti ita ce dattin. Ta nuna mini jerin manhajojin da ke da izinin fitowa a kan sauran, wanda ke cikin izini na musamman a ɓangaren manhajoji, muka tarar da ita da wata ta biyu marar suna marar hoto, fili ne kawai fari. Muka cire su, muka sa Play Protect, mai binciken mugayen manhajoji na Google, ya zagaya wayar. Daga ranar ban sake ganin irin wannan tallan ba.

Na ƙarshe ta ce zaɓi ne, ba dole ba. Daga Android 9 zuwa sama akwai wani wuri a saitin sadarwa mai suna Private DNS. Idan aka rubuta dns.adguard-dns.com a gurbinsa, wayar takan kasa isa ga yawancin rumbunan da talla ke fitowa, sai gurbin tallan ya zauna fanko a cikin manhajoji da shafuka. Ta faɗa mini aibinsa tun kafin in gani. Ba ya taɓa tallan YouTube da na Facebook, saboda su ta hanya ɗaya suke zuwa da abin da kake kallo. Sakamakon farko-farko na bincike, waɗanda aka biya kuɗi aka ɗora, za su ƙi buɗewa. Wasan yaran da ke ba da rai idan an kalli talla zai daina bayarwa, kuma autana ya yi mini kuka a kan wannan har kwana biyu. Sannan sunayen shafukan da kake shiga suna bi ta hannun mai wannan adireshi, don haka amana ce ka sauya mata wuri. Ni abin da ya fi tsaya mini a rai daban ne: ƙananan shafukan labarai na Hausa da nake karantawa kullum da tallan nan suke sayen data da man janareto. Na bar shi a kunne saboda tun da NCC ta amince da ƙarin kashi 50 a kuɗin kira da data a Janairun 2025 nake lissafin kowane megabait, amma ban ce na yi daidai ɗari bisa ɗari ba.

A sati na gaba na yi wa kwamfutar tafi-da-gidanka da kaina. Abin da na kashe a asusun Google ya biyo ni can, amma na burauza bai biyo ba, sai da na sake bi ɗaya bayan ɗaya. Na sa burauzar Firefox na ƙara mata uBlock Origin mai toshe talla, wanda a wayar Android ma yana hawa Firefox, alhali Chrome na waya ba ya karɓar irin waɗannan ƙarin. Wata abokiyar aikina mai iPhone ta kawo tata, nata ya fi gajarta: a saitin sirri akwai Tracking, inda ake hana manhajoji neman izinin bibiya, tsarin da ya zo da iOS 14.5 a 2021, sai kuma Apple Advertising a can ƙasa. Amma Google da Facebook ɗinta sai da muka bi hanyar da na bi.

Da zan sake daga farko, ba zan fita daga gida ba, kuma ko sisi ba zan kashe ba. Zan fara tambayar kaina ta ina tallan ya shigo: in saƙon tes ne ko kira, 2442, in daga sama yake saukowa da sunan wani shafi, sanarwar burauza ce, in ya rufe fuska ba a buɗe komai ba, wata manhaja ce ke ɓoye, in kuma ya san abin da na bincika jiya, asusu ne da lambar talla. Kafin kowa ya taɓa mini waya da sunan filashin zan kwashe hotuna, kuma ba zan karɓi manhajar kyauta daga hannun kowa ba. Ya kamata kuma mutum ya sani tun farko cewa kashe tallan da ya san shi ba ya nufin talla ya ƙare. Yana nan yana zuwa, sai dai yanzu da abin da kake kallo a lokacin da garin da kake yake aiki. Ɗiyar tawa ta ce dokar kare bayanai da aka sa wa hannu a Yunin 2023 ta ba ɗan Nijeriya damar ƙin a yi amfani da bayanansa wajen tallata masa kaya kai tsaye, da hukumar NDPC da ake kai wa ƙorafi. Ban kai ga buƙatar wannan ba tukuna. Duk wata biyu nakan leƙa wuraren nan, don na taɓa tarar da wani maɓalli ya sauya wuri bayan wayar ta sabunta kanta.

Maganar Baba kuwa, tana ɗaura mayafi za ta tafi ta juyo ta ce, "Baffa, shi Kaka ai da ka sauke masa karatun ne ka kashe data." Na tsaya ina kallon ta. Daren nan na sauke tafsirin sauran kwanakin a katin memori, na sa a 'yar rediyonsa mai cin kati. Hotunan suna guda huɗu na samo a wayar ƙanwar maiɗakina, biyu daga ciki ba a ga fuskar jaririn ba.